Dawo da Twisted Metal: Fatan Masoya, Fargabarsu, da Lissafin Mai Shagon Gem

Tun watan Yulin 2023 da kafar Peacock ta Amurka ta fara haska fim mai dogon zango mai suna Twisted Metal, maganar dawo da tsohon wasan gem ɗin da aka ciro labarin daga cikinsa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Bayan kowane ɗan lokaci sai wani guntun bidiyo ya ɓullo a TikTok ko YouTube, motoci na aman wuta, an rubuta a ƙasa cewa ga sabon wasa nan tafe a PlayStation 5. Irin wannan bidiyo kuwa ba ya tsayawa inda aka haɗa shi. Duk inda waya ta kai, ya kai. Sai musu ya kaure: wannan ya ce ya fito, wancan ya ce an soke shi, na uku ya ce ai fim ne, ba gem ba.

Ga yadda abin yake. Sabon wasa na ƙarshe mai wannan suna ya fito ne a Fabrairun 2012, a kan PlayStation 3. Fim ɗin gaskiya ne, har an yi zango na biyu a Yulin 2025. An kuma taɓa fara aikin wani sabon wasa, aka dakatar da shi a farkon 2024 tun kafin a sanar da duniya. Bidiyoyin da ke yawo kuma aikin masoya ne masu iya haɗa hoto, ba na kamfanin Sony mai wasan ba.

A Amurka da Turai aka fi tafka wannan muhawara, amma ta shafe mu ta wata fuska da su can ba sa lissafawa. A gari irin Nasarawan Doya, cikin ƙaramar hukumar Makarfi, ba kasafai yaro ke da na'urar gem tasa a ɗaki ba. Shago ake zuwa, a biya, a zauna a benci, mutum biyu su raba talabijin ɗaya. Abin da tsofaffin masoyan wasan suke tsoron a cire daga cikinsa, shi ne ainihin abin da shagon gem ya dogara da shi.

Wane irin wasa ne?

Gem kalmar aro ce, ana nufin wasan da ake sarrafawa a kan allo da na'ura, ko waya, ko kwamfuta. Wasan yaƙin motoci wani reshe ne a cikinsa, kuma ya bambanta da wasan tsere irin su Need for Speed. A nan babu layin ƙarshe da ake rige-rigen kaiwa. Ana zuba motoci a fili guda, ko tsakiyar birni, ko saman dogayen gine-gine, kowace da bindiga da rokoki, a yi ta ɓarin wuta har sai mota ɗaya ta rage.

Daɗinsa da wahalarsa wuri ɗaya suke. Bindigar ba ta juyawa da kanta. Inda hancin motar ya kalla, nan harsashi zai tafi. Saboda haka tuƙi shi ne saiti. Dole mai wasa ya iya juya mota cikin ƙiftawar ido, ya haddace lungun da ake tsintar makami da inda ake ƙara lafiya, ya kuma san wasu dannawa na sirri a hannun gem, waɗanda in aka jera su daidai za su daskarar da abokin gaba ya tsaya cak a yi masa ruwan wuta. Sabon shiga yakan sha kashi sosai kafin hannunsa ya faɗa.

Direbobin su ne gishirin wasan. Akwai Sweet Tooth, mahaukacin makashi mai fuskar 'yan barkwanci, kansa na ci da wuta, yana tuƙa motar sayar da askirim. Akwai Axel, mutumin da aka ɗaure tsakanin manyan tayoyi biyu. Akwai Mr. Grimm a kan babur. Mai shirya gasar kuma shi ne Calypso, wanda ya yi alkawarin cika wa duk wanda ya ci buri ɗaya, sai dai yakan cika shi a murɗe. A wasa na biyu, wasu samari biyu sun roƙi ikon tashi sama, ya ce an ba su, suka yi tsalle daga saman bene suka faɗo, alhali tikitin jirgi ne a hannunsa. Wannan baƙar barkwanci ita ce ta bambanta wasan da takwarorinsa na wancan zamani, irin su Carmageddon na 1997 da Vigilante 8 na 1998.

Kalmomi huɗu da ke rikita zancen

Yawancin musun da ake yi, kowa "dawowa" yake cewa amma ba abu ɗaya ake nufi ba. A ɗauki misalin tsohon gidan ƙasa. Rimasta shi ne a yi masa sabon yaɓe da fenti, ɗakuna da zaure suna nan yadda suke: tsohon wasan ne, an dai goge hotonsa ya dace da talabijin na zamani. Rimek shi ne a rushe a sake ginawa da bulo a kan tsohon tushe: komai sabo ne amma tsarin na da ne, kamar yadda kamfanin Capcom ya yi wa Resident Evil 2 a 2019. Ribut kuma sabon gida ne a wani fili, sunan mai gidan kawai aka riƙe.

Ta huɗun ita ce mai zafi: layif-sabis, wato wasan da ba ya ƙarewa kuma ba ya aiki sai da intanet. Ba a sayar maka da shi gaba ɗaya. Yana zaune ne a kan saba, babbar kwamfutar kamfani, ana ƙara masa sabbin abubuwa zango-zango, ana sayar wa 'yan wasa tufafi da motoci da makamai kaɗan-kaɗan. Fortnite da Free Fire da PUBG duk haka suke. Ranar da kamfani ya kashe sabar, wasan ya mutu a hannun kowa.

Sai kuma raba allo, wanda ba ya buƙatar dogon bayani ga duk wanda ya taɓa leƙa shagon gem: talabijin ɗaya a tsaga shi biyu ko huɗu, kowa da ɓangarensa.

Daga 1995 zuwa shiru

Wani ƙaramin kamfani mai suna SingleTrac a birnin Salt Lake City na jihar Utah shi ya gina wasan farko tare da David Jaffe na Sony, ya fito a Nuwamban 1995, watanni kaɗan bayan PlayStation ta shiga kasuwar Amurka. Na biyun, na 1996, shi ne masoya da yawa suke ɗauka a matsayin gwarzon jerin. Ya zagaya da gasar birane: Los Angeles, Mosko, New York, Hong Kong. A filin Faris ana iya dasa bam a hasumiyar Eiffel, ta karye ta faɗo ta zama gada zuwa rufin gidaje. A Antatika ƙanƙarar da ake yaƙi a kanta tana tsagewa tana nutsewa, fili yana ƙara ƙuntata. Mutum biyu kuma suna iya haɗa kai su bi labarin tun daga farko har ƙarshe.

Daga nan aka sami saɓani. Wani kamfani ya sayi SingleTrac a 1997, Sony ya miƙa wasan ga sashensa na 989 Studios, suka fitar da na uku a 1998 da na huɗu a 1999. Masu sharhi sun yi wa na ukun ca, musamman kan yadda motoci ke kifewa da ɗan abu kaɗan. Sai a 2001 tsofaffin maginan, ƙarƙashin sabon kamfani Incognito da Scott Campbell ke jagoranta, suka dawo da Twisted Metal: Black a PlayStation 2, mai duhu da tashin hankali, direbobinsa mazauna gidan mahaukata. Twisted Metal: Head-On ya biyo baya a 2005 a kan na'urar hannu ta PSP, sannan na 2012.

Wasan 2012 ya zo da mutum 16 a intanet da raba allo har huɗu, amma ya rage masu labari zuwa uku kacal: Sweet Tooth, Mr. Grimm da Dollface. Ya kuma yi fama da matsalar haɗuwa a intanet a makonninsa na farko. An kashe sabarsa a farkon 2019.

Ba wannan wasa kaɗai ne ya ja baya ba, reshen gaba ɗaya ne. Tun da Grand Theft Auto III ya fito a 2001, tuƙi da harbi suka zama ɗan yanki a cikin wasa mai faɗi inda kake iya sauka daga mota ka taka da ƙafa, sai zama a cikin mota kullum ya fara kama da ƙunci. Wasannin harbi irin Call of Duty suka kwashe masu son gwabzawa da juna. Uwa uba kuma kuɗi. Takardun da suka fito a wata shari'a a Amurka a 2023 sun nuna Sony ya kashe kimanin dala miliyan 220 kan The Last of Us Part II da miliyan 212 kan Horizon Forbidden West. Kamfanin da ke zuba irin wannan dukiya ba ya son wasan da mutum miliyan ɗaya ko biyu za su so. So yake ya sami na kowa da kowa.

Abin da ya faru a 2024

A 2022 Sony ya sayi kamfanin Bungie kan dala biliyan 3.6, ya kuma ce yana shirin fitar da wasannin layif-sabis fiye da 10 kafin Maris na 2026. A cikin wannan guguwa aka sa sabon Twisted Metal. A ƙarshen Fabrairun 2024 Sony ya sallami ma'aikata kusan 900 daga sashen PlayStation, ya rufe ofishinsa na London Studio, kafar Bloomberg kuma ta ruwaito cewa an soke wani Twisted Metal na layif-sabis da kamfanin Firesprite na birnin Liverpool yake aiki a kai.

Abin lura shi ne yadda masoya suka karɓi labarin. Wasu sun yi baƙin ciki, amma da yawa hamdala suka yi, suna cewa gara babu da a kawo shi a wannan siga. Watanni shida bayan haka abin da suke tsoro ya faru da wani wasan: Concord, wanda Sony ya fitar ranar 23 ga Agustan 2024, aka kashe shi ranar 6 ga Satumba, aka mayar wa mutane kuɗinsu. Kafin shi ma akwai Destruction AllStars na 2021, wasan karon motoci a PlayStation 5, wanda 'yan wasa suka watse daga cikinsa da wuri har sai da aka zuba motocin da kwamfuta ke tuƙawa don cike gurbi.

Masu fata

Hujjarsu ta farko fim ɗin ne. Anthony Mackie ne jarumi, ɗan kokawa Samoa Joe ya sa fuskar Sweet Tooth, Will Arnett ya ba shi murya, zango na biyu kuma ya kawo Calypso da gasar kanta. An ga yadda fim ɗin The Last of Us a 2023 da na Fallout a 2024 suka kora sabbin mutane zuwa ga wasanninsu. Masoya suna ganin asara ce a ce mutum ya gama kallo, sha'awa ta kama shi, ya je nema ya tarar wasa mafi sabunta ya haura shekara goma.

Ta biyu, sun ce zamani ne ya dawo inda wasan yake. Tsarin a zuba mutane da yawa a fili har ɗaya ya rage, wanda ya sa PUBG da Free Fire suka mamaye wayoyin matasa, shi Twisted Metal yake yi tun 1995. Rocket League kuma, inda motoci ke buga ƙwallo, ya nuna tun 2015 cewa mutane ba su gaji da wasan mota mai wuyar koyo ba. Na'urorin yanzu suna iya rushe birni gini bayan gini, abin da maginan 1996 suka yi da dabara da ƙyar.

Masu fargaba

Su ba sa musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tambayarsu ita ce: wa za a gina wa wasan? Kuma suna da misalan da mai wasa a Arewa ya fi kowa sani.

Babba shi ne ƙwallo. Shekara da shekaru Winning Eleven da Pro Evolution Soccer (PES) na kamfanin Konami su ne abincin shagunan gem. A Satumban 2021 Konami ya canja wa wasan suna zuwa eFootball, ya mai da shi kyauta a intanet, ya fito da shi da ƙungiyoyi ƙalilan da fuskokin 'yan wasa da suka zama abin dariya, babu kuma Master League da mutane suka saba. An gyara abubuwa da yawa daga baya, amma wasan da ake sa faifai a kunna ba tare da sabis ba ya tafi. Shi ya sa har yau ake cin karo da tsohon PES a PlayStation 2 da 3, wanda masu fasaha suka sabunta masa sunayen 'yan wasa da riguna.

Na biyu shi ne Grand Theft Auto, wato GTA. A Nuwamban 2021 aka sake fitar da San Andreas da 'yan'uwansa biyu da sunan an gyara su, suka zo da kura-kurai masu yawa har kamfanin Rockstar ya fito ya nemi afuwa. Crash Team Racing kuma, wanda aka sake ginawa a 2019 kuma ya yi kyau ƙwarai, bayan 'yan makonni da fitowarsa aka cusa masa sayen kaya da kuɗin gaske. Ko a cikin reshen yaƙin motoci an gwada: masoyan Carmageddon sun tara fiye da dala 600,000 a 2012 ta shafin Kickstarter don a dawo musu da shi, ya fito a 2015 yana tafiyar hawainiya a kwamfutoci da yawa, bai kuma tayar da reshen daga barci ba.

Akwai fargabar mutuwar wasa. Kamfanin Ubisoft ya kashe sabar The Crew a ƙarshen Maris na 2024, waɗanda suka saye shi da kuɗinsu suka wayi gari faifan hannunsu ba shi da amfani. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda ya tara sa hannu fiye da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025. Faifan Twisted Metal 2 na 1996 kuwa, in bai karce ba, yau ma zai tashi.

Sai rigimar cikin gida, wadda ba ta da magani. Masoyan na biyu suna son launi da barkwanci. Masoyan Black suna son duhu da tsoro. Waɗanda suka shigo ta ƙofar fim suna neman jaruman da babu irinsu a tsofaffin wasannin. Haka batun sarrafawa: in aka sauƙaƙa shi, bindiga ta riƙa bin abokin gaba da kanta, tsofaffin hannu za su ce an kashe wasan, in aka bar shi da taurinsa, yaron da ya taso da Free Fire zai ajiye bayan minti goma. Duk wanda ya karɓi aikin, sai ya ɓata wa wani ɓangare rai.

Lissafin mai shago

A sauko da maganar ƙasa. Shagon gem a garuruwan Makarfi, Ikara da Kudan ɗaki ne guda ko rumfar kwano: talabijin biyu ko uku, benci, janareta a waje ko batirin sola a kusurwa, sau da yawa haɗe da cajin waya. Ƙwallo ce ke kawo ciniki, sai su Mortal Kombat da GTA a gefe. Dokar wurin sananniya ce, wanda aka ci ya tashi, na bayansa ya karɓi hannu. 'Yan kallo sun fi masu wasa yawa, kuma ihunsu rabin nishaɗin ne. Kasuwa takan buɗe da Sallah da lokacin kaka, sa'ad da kuɗin rake da tumatir da masara suka shiga hannun matasa, ta ja baya da damina in gona ta kira kowa.

Wasan da zai yi amfani a irin wannan wuri sai ya cika sharuɗɗa masu sauƙi: ya tashi ba tare da intanet ba, ya ɗauki hannu biyu a talabijin ɗaya, zagaye ya ƙare cikin 'yan mintuna don layi ya motsa, ɗan kallo kuma ya gane wa ke cin wa. Tsohon Twisted Metal ya cika su duka. Wanda aka soke a 2024, bisa yadda wasannin layif-sabis suke, da wuya ya cika na farko da na biyu.

Ga kuma kuɗi. PlayStation 5 ta fito a Nuwamban 2020 kan dala 499, a Agustan 2025 farashinta a Amurka ya koma kusan dala 550. A canjin naira na lokacin, kimanin 1,500 kan dala ɗaya, ya haura naira 800,000 tun kafin kuɗin dako da ribar ɗan kasuwar Kano ko Sabon Garin Zariya, wato kusan albashin shekara guda na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Sabon wasa ɗaya na dala 70 ya fi albashin wata. Fetur ɗin janareta, wanda bai kai naira 200 ba kafin cire tallafi a Mayun 2023, ya haura 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta shafe fiye da mako cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin kira da data. Tsohon wasan bai cika faifan CD ɗaya ba. Manyan wasannin yau suna cin gigabait 50 zuwa 100, ban da sabuntawar da ke zuwa akai-akai.

Ko an shawo kan duk wannan, akwai nisa. Sabobin irin waɗannan wasanni mafi kusa da mu a Turai suke, ko Afirka ta Kudu in an yi sa'a. A wasan da ake juya mota cikin ƙiftawar ido, jinkirin saƙo tsakanin Makarfi da Frankfurt ya isa a tarwatsa ka kafin ka ga rokar da ta same ka. Najeriya ma ba ta cikin ƙasashen da ake buɗe asusun PlayStation da sunansu. Masu wasa a nan da adireshin Amurka ko Ingila suke rajista, su sayi katin kuɗi da dala. An ga illar wannan a Mayun 2024, lokacin da Sony ya ce sai masu wasan Helldivers 2 a kwamfuta sun haɗa asusun PlayStation, aka janye wasan daga kasuwa a ƙasashe da yankuna fiye da 170, kafin ihun jama'a ya sa ya janye sharaɗin.

A faɗi gaskiya, akwai dalilin da kamfanonin ba sa lissafawa da mu. PlayStation 2 ta sayu fiye da miliyan 160 a duniya, amma galibin waɗanda suka iso kasuwanninmu na hannu ne, an yi musu aiki don su karanta faifan kwafi ko filas. Mun yi wasan, mun so shi, kuɗinmu dai bai kai ga wanda ya gina shi ba. Yau ma hanyar da matashi zai fi saurin taɓa Head-On ita ce emuleta, manhajar da ke sa wayar Android ta kwaikwayi tsohuwar na'ura, irin PPSSPP da ta yaɗu ko'ina. Wannan ma ba ya shiga littafin cinikin Sony. Muryar da ba ta bayyana a lissafi ba, ba a jin ta a ɗakin taro.

Iyaye da malamai

Damuwarsu daban ce, kuma tana da tushe. Hukumar ESRB ta Amurka, wadda aka kafa a 1994 bayan cece-ku-ce kan Mortal Kombat, ta sa wa Black da wasan 2012 alamar M, wato na 'yan shekara 17 zuwa sama. A Turai sai da aka cire bidiyoyin labarin Black kafin a sayar da shi. A shagon ƙauye babu mai duba wannan alama. Ɗan shekara tara yana tsaye a bayan benci yana kallon abin da ɗan ashirin ke yi.

Kan ko irin wannan wasa yana mai da yaro mai ta'adi, ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta ce a 2020 akwai 'yar alaƙa tsakanin wasannin tashin hankali da zafin rai, amma babu isasshiyar hujjar danganta su da aikata kisa ko ta'addanci. Abin da ya fi tabbata shi ne cin lokaci: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019. Uban da ke kukan an bar Islamiyya ko an makara sallar Magariba saboda gem, a kan wannan yake magana.

Wani ruɗani da ya kamata a warware shi ne haɗa shagon gem da shagon caca. Ba ɗaya ba ne, ko da yake al'adar "wanda aka ci shi zai biya" tana kusantar da su, kuma malamai da dama suna ganin ta shiga hurumin caca. A nan ma sigar da aka dawo da wasan tana da tasiri. Wasannin intanet da yawa suna sayar da akwatin sa'a, ka biya kuɗi ba ka san abin da zai fito ba; ƙasar Beljiyam ta ɗauke shi a matsayin caca tun 2018. Tsohon wasa na faifai, duk da jininsa, ba ya neman ko kwabo bayan an kunna shi.

Inda alamu suka nufa

Hanyar da Sony ya bi zuwa yanzu ita ce mafi arha: sake fitar da tsofaffin. Na ɗaya da na biyu sun hau PlayStation 4 da 5 a Yulin 2023, daidai da fara fim ɗin, na uku da na huɗu suka biyo baya a Yulin 2025 tare da zango na biyu. Wannan ya nuna kamfanin bai manta da sunan ba, ya kuma nuna bai shirya zuba masa manyan kuɗi ba.

A ganina, abin da ya fi dacewa da wasan shi ne matsakaicin aiki: a sake gina na biyu ko Black, da direbobi da yawa kowa da ƙarshen labarinsa, da raba allo, intanet ya zama ƙari ga mai so. Ba zai kawo ribar Fortnite ba, amma ba zai yi mutuwar Concord ba, kuma shi kaɗai ne irin wanda bayan shekara biyar ko shida, in PlayStation 5 ta hannu ta yi araha kamar yadda ta 3 da ta 4 suka yi, zai iya isowa benci a Nasarawan Doya.

In sanarwa ta zo, daga shafin PlayStation ko shirinsu na State of Play za ta fito, ba daga TikTok ba. Mai shago kuma ba kyan hoton zai tsaya kallo ba. Zai nemi sanin ko yana tashi babu sabis, ko yana ɗaukar hannu biyu, ko akwai shi a faifai. Na ƙarshen ma yanzu sai an yi hattara wajen sayen na'urar kanta, domin akwai PlayStation 5 da ba ta da wurin sa faifai, kuma PS5 Pro da ta fito a Nuwamban 2024 kan kusan dala 700 haka ta zo, sai dai a sayi makarancin faifan daban.